Kwanon da Na Riƙa Mayarwa

Damina ce, irin ta Legas wadda ba ta san ta ɗauke ba. A shekarar nan wanki kan kwana uku a igiya bai bushe ba, lungunmu na Agege kuwa sai an shimfiɗa katako ake wucewa. Ni ma haka jikina yake, nauyi-nauyi. Da na je asibiti aka ce sukarina ya ɗan hau, aka ba ni magani, aka ce in kula.

'Yata ta fari, wadda na haifa a nan, ita ta ɗauki abin da zafi. Ta taso daga Iyana Ipaja da kwalin wani shayi da ta gani a waya, da takarda ta manna mini a bango. Ta san karatuna na yaƙi da jahilci ne, don haka ta yi rubutun manya-manya. Ba tuwo, ba shinkafa, ba fura, ba mai. Dafaffen ƙwai da kokwamba, sai shayin nan sau uku.

"Mama, abeg, ko loma ɗaya. Kin ji ko?"

Na ce na ji.

Ɗakin da ke kallon nawa na wata baiwar Allah ce 'yar Sakkwato, mijinta mahauci ne. Yaya nake kiranta don ta girme ni. Shekara ashirin da ɗoriya, duk abin da ta dafa sai ta zuba a wani koren kwano ta miƙo mini, ni ma in na dafa in zuba mata a ciki in mayar. Da maigidana ya rasu, kwanon nan ne ya ciyar da ni har na fita takaba.

Sai ga shi na shiga mayar da shi yadda ya zo, ko murfin ban ɗaga ba. Ranar farko ta ce, "Ƙanwata, gishiri ne ya yi yawa?" Na ce a'a, likita ne. Kunya ta hana ni cewa 'yata ce. Ta ce, "Likitan nan ya taɓa cin tuwona?" Muka yi dariya. Rana ta biyar ba ta yi dariya ba. Daga nan kwano bai sake zuwa ba. Gaisuwa ta koma ina kwana, lafiya lau, kowa ta saki labulenta. Ƙamshin daddawarta ya riƙa ratsowa, ni ina zaune ina ɓare ƙwai.

A sati na shida jiri ya kwashe ni a bakin famfo. Wata nas 'yar Kafanchan da ke haya a ɗakin ƙarshe ta tare ni, ta kai ni ɗaki. Ta karanta takardar bangon, ta shinshina shayin, ta girgiza kai.

"Mama, wa ya ce ki kashe kanki da yunwa? Ki ci tuwonki, amma malmala ɗaya ƙarama, miya ta fi tuwon yawa. Ki yawaita ganye, ki daina zuba sukari a koko. Ki taka da ƙafa kullum, ba sai kin hau keke napep zuwa bakin titi ba. Maganin asibiti kuma kar ki fasa." Har ta kai ƙofa ta juyo. "Kun dai yi sallama da Yaya ko? Asabar za su koma gida gaba ɗaya, Baba mijinta ya ajiye wuƙa."

Ranar Laraba ce. Kowa a gidan ya sani, ban da ni.

Bayan la'asar na yi sallama na ɗaga labulen Yaya. Tana zaune cikin buhuna tana ninke zannuwa, ragowar tuwon rana na gefe a rufe. Na wanke hannu, na jawo shi, na gutsuri loma. Ta daɗe tana kallona.

"A'a, masu likita! Kar ki mutu mini a ɗaki, ga ni da tafiya."

Na ce, "Yaya, ƙaro mini miya."

Ta ƙaro, har da tsokar da ta ɓoye wa Baba. Ba mu yi maganar satin nan shida ba, har yau kuwa ba mu yi ba. In ta bugo waya daga Sakkwato, labarin ruwan Legas take tambayata, da wanda ya kama ɗakinta.

Washegari da hantsi na ƙwanƙwasa mata, muka taka da ƙafa har kasuwa muna tsallake kwatami. Ta sayi igiyar ɗaure kaya, ni na sayi alayyafo da yakuwa na mutum biyu. Duk hanya tana mitar gwiwarta, tana cewa na tsufa na zo mata da sabon salo, amma ko keke ɗaya ba ta tsayar ba.