Igiyar Baba Nomau

Ranar wata Laraba ce, kwana uku bayan sallar layya, a bazarar shekarar da na yi famfara, tun Nasara bai san hanyar ƙasar nan ba. Hantsi bai gama ɗagawa ba ina tsaye a bakin rijiyarmu ta Dakoro, riƙe da igiyar hancin takarkarin Baba, mahaifina. Mutanen zangonmu duk sun fito domin a yashe rijiya, kuma a cikin taron nan kaf ni kaɗai na san igiyar da za a yi aikin da ita ba lafiya take ba.

A lokacin Dakoro ba gari ba ce, 'yan bukkoki ne da rumbuna a cikin dannin ƙaya, sai daji har inda ido ya tsaya. Rijiya ɗaya muke sha, mu da dabbobinmu, zurfinta ya kai gaba talatin, in ka leƙa sai ka ga ruwan can ƙasa kamar idon kaza. Shekarar nan rairayi ya zubo ya toshe ta, kwana biyu wasaki, wato babban gugan fata, yana fitowa da laka tsagwaronta. Sai manya suka kira gayya, aka ba kowa nasa aiki. Kawu Mantau, ƙanen Inna, shi zai shiga ciki ya riƙa cika wasaki. Maza huɗu za su tsaya a baki su karɓa su zubar. Igiyar kuwa Baba Nomau ne ya tufka ta da ƙirgin shanu uku, wani tsoho mara yawan magana wanda har Buzaye ke kawo wa fata daga nesa. Ni kuma, da yake takarkarin ba ya yi wa kowa biyayya sai ni, aka ce in ja shi, kuma kullum da yamma in naɗe igiyar in rataye ta a kan gwafa, don an shafe ta da man shanu, kada karnuka su ci.

To, jajiberin ranar ban rataye ta ba. Ƙawayena sun kira ni carabke, na ajiye ta a gindin gwafa da niyyar in dawo, na shagala. Da sassafe na tarar karen farautar Baba ya gwaguye ta wajen gaba biyu daga bakin da ake ɗaura wa takarkari, ya ci kusan rabin kaurinta. Na san abin da ya kamata in yi, ba sai an gaya mini ba. Amma a zangonmu wanda ya ɓata aikin gayya ba duka ake yi masa ba, waƙa 'yan mata ke sa shi a dandali, ta bi shi har ya mutu. Akwai wata mata da ta ƙona tuwon gayya tun ba a haife ni ba, kuma ni kaina na iya waƙarta tsaf. Na ɗebi laka da toka na shafe wurin har ya saje, na rataye igiyar kamar can ta kwana. Da Baba ya fito ya ce, "Ke ɗiyag ga, kin dai rataye ta jiya ko?" sai na ɗaga masa kai.

Da aka zo zura Kawu Mantau, da hannu mazan suka riƙa sakin igiyar a hankali, wurin ciwon yana yashe a ƙasa a bayansu, nauyi bai kai gare shi ba. Na ce a raina shi ke nan, Allah ya rufa asiri. Ashe ban yi tunani ba. Da aka ɗaura bakin igiyar a jikin takarkari aka ce in ja, sai ga wurin nan a bayan ƙeyata, duk nauyin laka yana bi ta cikinsa. Na ja wasaki na farko ina jin igiyar tana ƙara, na komo, na ja na biyu, lakar da na shafa ta fara tsattsagewa tana zuba. Kowane zuwa sai in ce in na komo zan faɗa, in na komo kuma in ga idanun mutane, sai bakina ya ƙi buɗuwa. Har lallashin takarkarin na riƙa yi ya taka a sannu, mazan suna yi mini tsawa wai ina kashe musu rana. Tsoro nake ji ƙwarai, kuma kunyar da nake ji har yau ita ce, tsoron waƙa ya fi mini tsoron abin da zai sami Kawu.

A ja na bakwai ta tsinke. Takarkarin ya yi gaba ya durƙusa, igiyar ta zare ta bi ƙasa a guje ta tsakanin ƙafafun maza, ɗayansu ya cafke ta ta saɓule masa fatar hannu ta wuce. Muka ji faɗuwar wasakin can ƙasa, daga nan babu wani motsi. Inna ta saki tulunta ta yi kan rijiya, mata biyu suka riƙe ta. Baba ya kwanta rub da ciki a baki yana kiran sunan Kawu, sai a kira na huɗu wata 'yar murya ta amsa. Ashe Kawu ya manne da bango, wasakin ya same shi a kafaɗa. Babu wata doguwar igiya a zangon, dole aka tura mutum a kan raƙumi ya aro a wurin Buzayen da ke kiwo arewa da mu, kuma sai bayan la'asar aka fito da Kawu, hannunsa na dama yana reto.

Tun kafin a fito da shi aka fara neman mai laifi. Ina tsaye jikin takarkari, guntun igiyar yana ɗaure a jikinsa. Baba Nomau ya taho da sandarsa, ya kwance guntun, ya kankare lakar da farce. Sawun haƙoran kare ga su nan, ko makaho ya shafa zai gane. Ya dube ni, ni ma na dube shi, hawaye ya cika mini ido. Sai ya dunƙule guntun ya tura cikin rigarsa, ya juya wajen mutane ya ce, "Jama'a, ku bar bincike. Hannuna ya tsuhwa, tuhkar ba ta kamu ba. Laihina na, ba na kowa ba."

Faɗuwar wasakin ta ƙara rushe bangon, rijiyar ba ta gyaru ba sai da damina ta kusa. Tafiyar kwana biyu aka riƙa kai shanu shan ruwa, maruƙa da yawa suka mutu a hanya. Kawu ya warke, amma bai sake ɗaga hannun nan sama da kansa ba. Baba Nomau kuwa daga ranar babu wanda ya sake kai masa ƙirgi, ya koma tufkar kaba ta ɗaure awaki. 'Yan mata suka yi masa waƙa, suna rera ta da tafi, kuma don kada a ce me ya same ni, ni ma na tafa. Inna takan aike ni in kai masa fura. Rannan na durƙusa na buɗe baki zan yi magana, ya ce, "Aje hurar, ki tahi ki yi wasa." Ya rasu tun ban yi aure ba.

Yanzu Dakoro ta zama gari mai kasuwa, rijiyoyi da siminti ake ɗaure su, igiya kuwa saye ake yi, ba wanda ke tambayar hannun wa ya tufka ta. Jikokina na ba su labarin nan ya fi sau nawa, su yi dariya su ce ai yarinta ce, su tashi. Nakan zauna in lissafo mutanen da suka tsaya a bakin rijiyar ran nan, in ga duk sun riga ni. Yau da bakina ya buɗe, babu sauran wanda zan wanke Baba Nomau a gabansa.