Makin da Malam Muhyiddeen Ya Ba Munira

Malam Muhyiddeen mutumin Buji ne, ɗan manomi, amma tun yana yaro ba sa ga maciji da fartanya. Baki Allah ya ba shi. Ya yi karatu a Kafin Hausa, ya samu aikin koyar da Hausa a wata sakandare a Jahun, ya shekara goma sha ɗaya yana ɗura wa yara adon harshe. A wajensa jimlar da babu kamance a cikinta ba ta cika jimla ba. Yana kuma rubuta ƙananan littattafai na matasa, ya kai a buga masa a Dutse, ɗalibai su yi ta karɓa hannu da hannu. A littattafansa bindiga ba ta harbi, sai dai ta yi aman wuta, zuciyar maraya kuwa kullum fasasshen tulu. Shi kansa, in ka cire adakar maharba ranar biki, bai taɓa jin ƙarar bindiga da kunnensa ba.

Wani zango ya ba 'yan aji biyar aiki: kowa ya rubuto labarin rashi, da adon harshe goma, kowanne maki ɗaya. A ajin akwai sabuwar ɗaliba, Munira, wadda ta dawo gidan baffanta da zama, ba ta cika magana ba. Takardarta rabin shafi ce. Ta ce suna dawowa daga kasuwa a mota aka tare hanya. Babanta ya ɗaga hannuwansa sama. Aka harbe shi a wuya. Hularsa ta faɗo a cinyarta. Ya yi ta motsa ƙafa, sannan ya daina. Ba a ga takalminsa ɗaya ba.

Malam ya ba ta biyu cikin goma, biyun ma na tausayi. Da ya tsaya nan da sauƙi, amma shi mutum ne mai son ya ga aji na dariya. Ya ɗaga takardar ya karanta da muryar ɗan sanda mai ba da rahoto.

"Yara, ga tuwo babu miya. Munira, ina hawayen? Mutum ya mutu, ke takalmi kike nema?" Aji ya kwashe da dariya. "Ki sake rubutowa."

Ranar Juma'a bayan an idar da salla, baffan yarinyar, Alhaji Isah, ya riƙe hannun Malam yana masa godiyar kula da marainiya.

"Malam, sai kun yi haƙuri da ita. A gabanta 'yan fashi suka harbe ƙanena bara. Mu a gida ba ma tayar da maganar, kwana ne ya ƙare. Ita ma har yau ba ta faɗa wa kowa abin da ta gani ba, ko uwarta."

Nan Malam ya gane. Ashe mutum ɗaya ta zaɓa ta faɗa wa, shi kuma ya mai da ita abin dariya. Kunya ta rufe shi. Ya kwana uku yana neman kalmar ban haƙuri, mai baki irinsa, bai samu ba. Abu ɗaya yake fata, yarinyar ta sake yarda ta faɗi abin yadda ya faru, ko gare shi ko ga wani.

Ranar Litinin Munira ta riga shi. Ta ajiye sabuwar takarda a teburinsa, shafi biyu cif. A ciki bindiga ta yi aman wuta, harsasai sun zubo kamar ƙanƙara, sama ta yi kuka. Ta ja layi a ƙarƙashin kowane ado ta sa masa lamba, don kada Malam ya sha wahalar nema.

"Munira, ta farkon nake so. Ita ce daidai, ni ne na yi kuskure."

"Na hura wuta da ita, Malam."

"To ki sake rubuta ta. Ko ki faɗa mini da baki, ina jin ki."

Ta dube shi da busassun idanu. Da fushi ya gani a cikinsu, da ya fi masa sauƙi.

"Na manta yadda aka yi, Malam. Wannan ta kai goma?"

Ya duba, ta kai. Ya sa mata goma, don ba abin da za ta ƙara karɓa daga gare shi sai makin.

Malam Muhyiddeen bai sake kai littafi Dutse ba, amma har gobe yana koyar da adon harshe, tunda manhaja ta ce a koyar. Munira ta gama makarantar ita ce ta ɗaya a Hausa. Har ta tafi, ba wanda ya sake jin abin da ya faru a cikin motar nan.