Baturan da Yaya Sale ya hana a taɓa

Shekara shida ke nan da rasuwar yayana Sale, mai gyaran wutar turumbobin da ke ɗebo mana ruwa daga kogi a kudancin Abu Hujar. Yabonsa kawai na so in rubuta, amma wallahi abin da ya faru makon jiya ya hana ni tsayawa a nan.

Lokacin da aka kawo sababbin motocin turumba uku, wato injinan da ke juya su, da akwatunan da ke sarrafa gudunsu, Yaya ya kafe sai an ware wa akwatunan tasu wutar daban: ƙaramar taransifoma, fis nata mai kare ta daga ƙonewa, da batura biyu. Ya zauna da fensir ya lissafa abin da kowane makunni ke ci. Ya ce babbar wuta ta mota ce, ƙaramar kuwa ita ke riƙe hankalin na'ura in kahraba, wato lantarki, ta yi ƙasa. Muka yi ta yi masa tsiya, wai ya fi tausayin akwati a kan cikinsa.

Bana lajnar manoma, wato kwamitinmu da nake ciki, ta ga baturan suna zaune ba aikin fari ba na baƙi, ga lasifikar masallaci tana ɗaukewa a tsakiyar kiran salla. Aka ɗaga hannuwa aka amince, aka kwashe su zuwa masallaci, aka jona akwatunan kai tsaye da babban layi.

Ranar Talata da hantsi wuta ta yi ƙasa, ta dawo da ƙarfi. Allunan lantarkin da ke cikin akwatunan nan uku suka ƙone ƙurmus. Innalillahi! Motoci lafiyarsu lau, kogi cike, amma tur'a, hanyar ruwan gonakinmu, ta bushe ƙayau, ga dawarmu tana fid da kai.

Muhandis, wato injiniya, ya zo, ya buɗe ƙofar akwati, ya ga zanen Yaya manne a ciki.

"Ya Hajj, wanda ya tsara wannan ya san aikinsa. Wa ya warware shi?"

Kowa ya sunkuyar da kai. Ya ce alluna sai an aiko daga nesa, kuma bai san ko dawar za ta jira ba.

Da Yaya na raye, na san ba zai yi faɗa ba. Gilashinsa zai cire ya dube mu ɗaya bayan ɗaya.

Abin da ya rage mana nasa takardar zanen nan ce. A ƙasanta ya rubuta da ajami: "In ba ni nan, a tambayi Isa, na nuna mai komi."

Ni ne Isa. Kuma ni na fara ɗaga hannu. Allah ya jiƙan ka, Yaya.