Matar da Ta Yaye wa Mijinta Tabarma

Yayata Vaosa ba ta taɓa cin zalin kowa ba, amma yau a ƙauyenmu na tsibirin Savai'i ko gaisuwarta da ƙyar ake amsawa. Abin yana ci mini rai, shi ya sa zan faɗi abin da idona ya gani.

Mijinta Uelese manomin gwaza ne, dattijon coci, kuma shugaban danginsu. Mutumin kirki ne, ban musa ba. Duk wanda ya yi ɓarna a dangin, Uelese ne zai tafi ƙofar gidan waɗanda aka cuta tun da sassafe, ya zauna a ƙasa, a lulluɓe shi da tabarmar neman gafara. A gefensa a ajiye itace da duwatsun murhu, wato ga mu, ku gasa mu kamar aladu in kun ga dama. Ba ya motsi sai masu gidan sun yaye tabarmar da hannunsu. Vaosa ce ke saƙa tabarmin nan masu laushi kamar zane, wata da watanni tana sunkuye har idonta ya fara gani garara-garara, rana ɗaya a miƙa wa wasu saboda iskancin wani.

Mai iskancin nan kuwa kusan kullum Malaki ne, ɗan ƙanen Uelese. Da satar aladu ya fara, ya koma zubar wa mutane haƙora a filin ƙwallo. Baffansa na can rana tana gasa shi, gogan naka yana gindin bishiya yana buga karta.

"Maigida, kai fa kake lalata yaron nan," in ji Vaosa wata rana, ina zaune ina taya ta kankare kwakwa. "Ka bar shi ya ɗanɗana ranar nan ko sau ɗaya."

"Vaosa ke nan. Almasihu laifin wa ya ɗauka? Nasa?"

"Almasihu sau ɗaya ya hau gicciye. Kai kuwa kowace shekara!"

Na fashe da dariya. Shi bai yi ba.

Shekaru suka ja, Uelese ya tsufa, ga ciwon suga, ga hawan jini. Ma'aikaciyar asibiti ta ja masa kunne a kan zaman rana. Ana haka Malaki ya sha ya yi tatil, ya jefi wani masunci na ƙauyen gaba, Elisaia, da dutse, ya tsiyaye masa ido ɗaya.

Vaosa ta roƙi mijinta har da hawaye ya tura wani. Ya ce aikin shugaba ne. Haka muka tafi, muka zauna a bayansa kanmu a sunkuye.

Uwar Elisaia ta leƙo ta dube mu.

"Wa ke cikin tabarmar? In ba Malaki ba ne, kada wanda ya taɓa ta. Tsohon nan me ya yi wa ɗana?"

Gaskiyarta ce, wallahi. Da ni ce, haka zan faɗa.

Rana ta take. Fastonmu ya samu inuwar baranda, yana fifita, yana gaya wa masu gidan cewa Ubangiji yana gwada waɗanda yake ƙauna da wahala. Ban ga gumi ko ɗigo a goshinsa ba. Vaosa ta matso ta raɗa mini in je in jawo Malaki ko da a wuya ne. Na ruga gida, na tarar dangi sun riga sun saka shi a jirgin ruwa zuwa Apia, babban birni, wai kada 'yan'uwan Elisaia su taɓa lafiyarsa. Lafiyarsa! Har da ƙunshin soyayyen kifi suka ba shi na hanya.

Na dawo na gaya mata. Ta ƙura wa tabarmar ido. Tabarmar ta karkace gefe guda, kuma ta daina motsin numfashi irin na ɗazu.

Sai Vaosa ta miƙe tsaye, a wurin da mai neman gafara ba ya ko ɗaga kai. Ƙanen mijinta ya damƙo bakin zanenta.

"Zauna! Kin haukace ne?"

"Sake ni! Ɗanka ya tsiyaye ido, mijina zai biya da rai?"

Ta fizge, ta isa, ta yaye tabarmar. Uelese ya yi amai a ƙirjinsa, idanunsa sun kakkafe. Uwar Elisaia ce ma ta kawo ruwa da gudu, motar gidansu kuma ta kai shi asibiti. Likita ya ce da an ƙara jimawa, sai dai gawa.

Amma hannun da ya yaye tabarmar namu ne, ba na masu gida ba, don haka neman gafara ya rushe. 'Yan sanda suka kamo Malaki, alƙali bai sassauta masa ba tunda babu sulhu. Dattawan ƙauye suka zauna, suka yanke cewa mai laifi a ranar ita ce Vaosa.

Uelese ya warke, ya ƙara shekaru. Tana dafa masa, tana yi masa wanka, tana auna masa magani. Daga ranar bai sake yi mata magana ba. In yana son ruwa, ni yake gaya wa in gaya mata, tana zaune a gabansa.

Da ciwon ajali ya kama Uelese, Malaki ya riga ya fito daga kurkuku, ya yi ƙiba abinsa. Ya zo ya durƙusa. Uelese ya dafa kansa, ya sa masa albarka, fasto yana gyaɗa kai. Vaosa ta matso a kan gwiwoyinta ta kama hannunsa.

"Maigida, ka yafe mini."

Ya zare hannunsa, ya dube ni.

"Gaya mata tana tare mini iska."