Ranar da Ƙarfen Namadi Ya Yi Shiru

Jirgin ƙasa bai taɓa leƙo ƙasar Bagudo ba, amma Namadi yana da guntun ƙarfen dogo, kuma yana ji da shi fiye da yadda wasu ke ji da 'ya'yansu. Ƙarfen na rataye a jikin tsamiya a tsohuwar tashar fito, kusa da Bahindi. Tun zamanin kakansa ake buga shi da hantsi, a san jirgin fito zai ƙetare kogin Kwara.

Da aka yi gada, tasha ta mutu. Namadi dai, wanda shi ne mai fiton, bai yarda ba. Kullum sai ya share rumfar tashar, ya gyara kwanon da iska ta ɗaga, ya buga ƙarfe, sannan ya zauna yana kallon ruwa. Matarsa Dela kan ce shi kaɗai ne ma'aikacin da aiki ya sallama shi kuma ya ƙi sallamar aiki.

Ran nan mai unguwa Badamasi ya aiko cewa za a rushe rumfar, a ba 'yan gwangwan ƙarfen, tunda wurin ba ya amfanin kowa. Abin ya yi wa Namadi ciwo ƙwarai. Washegari ya ƙi fita, ya ce su je su buga da kansu.

Abin da ya manta shi ne, a al'adar wurin ƙarfen nan ba ya shiru sai mai fito ya rasu. Masuntan ƙetare suka kasa kunne har rana ta take, ba su ji komai ba. Kafin azahar kwale-kwale sun cika bakin tasha, har da na dangi daga wajen iyakar Benin, mata ɗauke da gero da busasshen kifi na gaisuwa. Mai unguwa ma ya taho da sauri, yana ta yabon mamaci a hanya, wai ba a taɓa mai riƙon amana irinsa ba.

Suka tarar da mamaci a zaure yana shan fura.

Da dariya ta lafa, Namadi ya ja hannun Badamasi zuwa bakin ruwa, ya nuna masa jiragen da suka yi layi.

"Ranka ya daɗe, wagga ita ce tashar da ka ce ta mutu?"

Badamasi ya nufi rumfar. Ya ɗauko gudumar buga ƙarfen ya miƙa masa. Dela kuwa ta riƙe kifin, ta ce ba a mai da kayan gaisuwa.