Sawu a Rairayin Gulbi

A bazarar da muka koma Bungudu da zama, ɗan farina ya kusa shekara biyu bai fara tafiya ba. Sa'anninsa har sun iya korar kaji a tsakar gida, shi kuwa sai jan gindi. Ba na kiran sunansa, ba na ɗaukarsa a gaban surukai, haka aka san uwa da ɗan fari. Saboda haka damuwar tawa ba ta da wurin fita. Na fake da rakiyar ƙanwata awo na kai shi asibiti a Gusau, suka ce ƙashinsa lafiya lau, a ba shi ƙwai da wake, a yi haƙuri.

Uwar mijina, da muke ce wa Inna, ta ce a Kucheri inda aka haife ta, binne ƙafafun irin wannan yaro ake yi a rairayi da hantsi, su yi ƙwari. Amma da ruwan farko ya sauka gulbi zai kawo, rairayin kuma sai baɗi. Ba ta ce in kai shi ba. Cewa ta yi wanki ya taru, yaron nan kuma ya dame ta da kuka, in tafi da shi gulbi.

A lokacin ina zuwa ajin manya na mata da la'asar. Malamarmu ta zo mana da wata irin waƙa ta mutanen nesa, wai haiku. Layi uku ce kawai, kuma abin da ido ya gani ake faɗa, ban da na zuci. Akwai lissafin gaɓoɓi a ciki, wannan bai zauna mini ba, amma layi uku ina iyawa. Ta ce masu teku suna yi wa bakin teku, mu sai mu yi wa gulbinmu.

Kullum in na tona rami na tsayar da shi, na mayar da rairayi har gwiwa, sai in juya baya in kama wanki, kada a ce ina kallonsa. Da wutsiyar ido nake kallo. Waƙar a ka nake haɗa ta, in na koma gida in rubuta. Ta farko ita ce:

Gulbi ya ƙafe.
Jaki na sunsunar rami,
Mai shi na barci.

Malama ta ce ta yi. Wata a baya ta ce ta gane mai jakin, mijinta ne.

Sai gabas ta fara haɗa hadari da yamma, ya taso ya watse. Na san kwanakin rairayin sun kusa ƙarewa. Ran nan ina matse zane, wata tsohuwa da ke ɗibar ruwa kusa da ni ta ce, "Ke ɗiyata, wanga yaro naki na?"

Na ce na gidanmu ne.

"To, na gidanku ya tahi."

Na juya, ramin ba kowa. Ya zare ƙafafunsa yana bin wani ɗan akuya. Ya ɗan taka, ya faɗi zaune, ya dafa ƙasa ya sake miƙewa. Ban ruga ba, mata na kallo. Na ƙarasa matse zanen, na shanya shi a karkace.

Da la'asar na karanta a aji:

Rami ba kowa.
Ƙananan sawu a rairayi
Sun bi akuya.

Malama ta ce, "Sawun wa?"

Na ce, "Na wani yaro."

Maƙwabciyarmu da ke ajin ta rufe baki da mayafi. "Wani yaro, wai."

Ba a yi mako ba ruwa ya sauka, gulbi ya kawo ya rufe rairayin. Inna ta ce yanzu a gida za a riƙa wanki, kuma in samo abin rufe bakin rijiya, yaron nan ba ya zama wuri ɗaya.