Kwalin Shayi da Babur ɗin Sifaniya

Tun ina saurayi nake gyaran babura a Fagge, har furfura ta cim mini, 'yata ta ɗauko ni zuwa unguwar Perry Barr a Birmingham ta Ingila wai in huta. Ban zaci hannuna zai sake shan baƙin mai ba, sai ran da aminina, wani dattijo mutumin Zangon Kumasi da ke zaune a unguwar Ardwick ta Manchester, ya bugo mini waya.

"Alhaji, in kanikancin da kake cika mana baki da shi gaskiya ne, hawo jirgin ƙasa ka zo Manchester."

Maƙwabciyarsa wata tsohuwa ce 'yar Sifaniya, tana da babur da ta gada wurin mahaifinta. Hukumar gari za ta rushe garejin da yake ciki, ɗanta kuwa ya yanke hukunci: in babur ya tashi kafin Asabar zai ajiye shi a gidansa, in bai tashi ba a miƙa wa masu sayen tsohon ƙarfe. Kanikawa biyu sun duba, kowa ya ce babu kayan gyaransa ko'ina a duniya.

Da na isa na yaye bargon da aka lulluɓe babur ɗin, sai na ga ja ne, siriri, da wani tambari da ban taɓa gani ba duk daɗewata a sana'ar. Tsohuwar ta tsaya dogare da sanda tana ba mu tarihinsa. Ta ce bayan yaƙin ƙasarsu, da mota ta gagari talaka, ƙananan maƙera suka ɓullo a lungunan Barcelona da wasu garuruwa. Wani da kekuna ya fara, wani da injin ban ruwa, kowa ya ƙera babur ya sa masa sunan gidansu. Mahaifinta a irin wannan maƙera ya yi aiki. Da ƙananan motoci suka yi araha, baburan Japan kuma suka shigo, sai suka yi ta rufewa ɗaya bayan ɗaya, har aka manta da sunayensu.

Na wanke kafireto, na goge fulogi, na ga wuta tana zuwa. Ciwon yana ga gaskit, wato takardar nan da ake shimfiɗawa tsakanin ƙarfe da ƙarfe don kada iska ta kurɗa. Ta ruɓe gaba ɗaya. Na ce a ba ni kwalin ganyen shayi.

Aminina ya kama haɓa. "Haba Alhaji! Aikin Fagge za ka yi mana a Ingila? Kada ka kunyata mu gaban baiwar Allah."

"Kai dai riƙe mini fitila, mutumin Zango. Wanda bai iya ba, kallo ne nasa."

Na buɗe kwalin, na ɗora shi a bakin ƙarfen, na bi gefe-gefe da ƙaramar guduma ina ƙwanƙwasawa a hankali, yadda maigidana ya koya mini, har ƙarfen ya yanka kwalin daidai siffarsa, da ramukan kusoshi duka. Na shafe shi da giris. Ina ɗagowa na ga tsohuwar ta matso, ta ƙura wa gudumar ido.

"Haka mahaifina yake yi," in ji ta. "Da kwalin takalmi."

Na ɗaure komai, na gauraya fetur da baƙin mai, domin irin wannan inji ba ya shan fetur zalla. Gwiwata ba ta da sauran ƙarfi, amma ban yarda wani ya taka mini ba. Na yi bisimilla. Taku na farko shiru, na biyu ya yi tari. A na biyar ya kama, da wata ƙara siririya mai kaifi, hayaƙi shuɗi ya cika garejin. Aminina ya fita da gudu yana tari yana kabbara.

Tsohuwar ba ta motsa ba. Ta kira ɗanta a waya, ta kara wayar kusa da injin.

Ran Juma'a ɗan nata ya zo da babbar mota ya ɗauki babur ɗin. Gaskit biyu na yanka masa na ajiya kafin in kama hanyar Birmingham, kuma na nuna masa inda ake dukan gudumar.